Agwagin da Mama Ta Bari

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, a ƙasa ta gan shi. Ya shigo kicin ɗin gidan abincin da take girki da tukunyar gas a kafaɗa, ya dire ta lafiya, sannan shi ma ya bi ta ya zube a gefen firij. Ta yayyafa masa ruwa. Da ya buɗe ido, maimakon godiya sai ya ce, "Don Allah ki rufa mini asiri, aikin kashe gobara nake nema."

"Kai da iska za ta ɗauka? Me ka ci yau?"

"Shayi da burodi."

"Jiya fa?"

"Burodi da shayi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma tun daga dariyar nan zuciyarta ta daina jin maganarta. Gas ɗin kicin ya koma ƙarewa da wuri, a faɗar Auta dai.

Baba, tsohon tela mai ciwon gwiwa, bai ga abin dariya ba. "Ba zan yi miki dole ba, Auta. Amma mai sunkutar tukunya bai isa riƙe mini 'ya ba. In ya samu aikin nan ya turo manyansa. In bai samu ba, kada in sake ganin kekensa a ƙofata." Shi kuwa mai kantin magani na bakin titi, wanda ya daɗe yana aiko wa Baba man shafawa kyauta, har ya fara gyara tsayuwa, don shi ma Auta yake so.

Ranar gwajin ɗaukar aikin, tana yanka albasa saƙon Dogo ya shigo.

"Zumata, na ci gudu, na ci hawan tsani, amma jini ya kayar da ni. Likita ta ce ya yi ƙasa sosai. Ta ba ni ƙwayoyi, ta hana ni shayi a kan abinci, ta ce in nemi jan nama, in dawo ƙarshen wata mai zuwa. Shekaruna sun kai geji. In na faɗi wannan, shi ke nan."

Auta ta yi kuka, kuma ba na albasa ba. Ta san Dogo. Naman shanu ko ƙanshinsa ba ya so, hanta kuwa ganinta kawai ke tayar masa da zuciya. Da ta koma gida ta tsaya a bayan ɗaki tana kallon agwagin da Mama ta rasu ta bari. Mai girki ce, ta san ƙirjin agwagwa ba kamar na kaza ba ne: ja ne wur, yana da sinadarin ƙarfe da na gina jiki, ga bitamin ɗin da jini ke so. Ta kuma san tun rasuwar Mama ba a taɓa ɗora wa ko ɗaya wuƙa ba. Baba ne ke watsa musu hatsi kullum da safe, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, wani kwastoma ke son agwagwa," ta ce, idonta a ƙasa. "Ba shi da lafiya."

Ya daɗe yana kallon akurkin kafin ya ɗauko wuƙa.

Ta tsattsaga fatar ƙirjin, ta shafe shi da tafarnuwa da citta da masoro, gishiri ɗan kaɗan. Ta kwantar da shi a kasko, wuta ƙasa-ƙasa, har kitsen ya narke ta tsiyaye shi. Ta matsa lemon tsami, don yana taimaka wa jiki ya ja ƙarfen. Sauran naman ta yi romo. Ta zuba a kula ta aika wa Dogo.

Dogo ya cinye kular tas, ya aiko saƙo: "Ashe haka duniya take da daɗi? Hasken idona, kin makara da shigowa rayuwata."

Agwagwa ta bi agwagwa. Bayan ɗaki ya fara yin shiru, Baba ma haka. Auta takan ja fatar idon Dogo ta leƙa, kamar mai duba kifi a kasuwa, ta ga ja ya fara shigowa amma bai kai ba. Barci ya ƙaurace mata. Tana yi wa mahaifinta ƙarya, tana cinye abin tunawa da uwarta, kuma duk da haka ba ta da tabbas.

Saura mako guda gwaji, kular ta dawo a cike. Washegari ma haka. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta masa: "In ka gaji da ni ne ka faɗa. Amma kada ka zubar da mu saboda abinci."

Sai da rana ta yi sanyi ya amsa.

"Mai kantin magani ya tare ni, ya ce wai ni ne na cinye agwagin marigayiya. Auta, da gaske ne? Kin bar ni ina lasar yatsa a kan abin da mahaifiyarki ta bari? Wallahi ba zai ƙara wuce mini wuya ba. Gara in faɗi."

Ta zauna daɓas a bakin akurki. Saura biyu: babban toro, da Gurguwa, 'yar lelen Mama, da ke kwance a kan ƙwai. A nan Baba ya same ta, ga kula a rufe, ga waya a cinya.

"Kwastoman ya warke ne?"

Ta kasa ƙara wata ƙaryar. Ta miƙa masa wayar. Ya sa tabarau, ya karanta a hankali yana motsa leɓe, ya sake karantawa.

"Wato cokali ya ajiye saboda uwarki."

"Baba, ka yafe mini. Na rasa yadda zan yi ne."

"Wancan mai maganin kuwa shi ya kai gulmar." Ya cire tabarau ya goge ido. "Kamo mini toron nan."

"Baba, shi kaɗai ya rage namiji."

"Na iya ƙirga, Auta. Tun ta biyu na gane ba kwastoma ba ne. Uwarki ba don kallo ta yi kiwonsu ba. Lokacin da na kwanta jinya, da su ta tashe ni."

Shi da kansa ya ɗauki kular, yana ɗingishi, Auta na biye, har shagon gas. Dogo ya miƙe a firgice ya durƙusa. Baba ya ja wata tukunya ya zauna, ya buɗe kular, ƙanshin citta ya cika shagon.

"Ci."

"Baba, ba zan iya ba."

"Ni na yanka, ni na kawo. In ka bar ko tsoka ɗaya, ka wulaƙanta ni da matata. Kuma in ka faɗi gwajin nan, ni da kai ne."

Dogo ya ci yana hawaye, Baba na tura masa lemon tsami. Sauran kwanakin ma Baba ne ya tsare shi a kan romo da ƙwayoyin likita.

Ranar gwaji Auta ta ƙona miya, abin da ba ta taɓa yi ba. Da waya ta yi ƙara sai da abokiyar aikinta ta buɗe mata saƙon.

"Zumata, jinin ya kai. Da ƙyar, amma ya kai. Ki ce wa Baba manyana na nan tafe."

Aka ɗaura aure ba da daɗewa ba. Da za a tafi da amarya, Baba ya fito daga bayan ɗaki rungume da kwali mai huji-huji. Gurguwa ce a ciki, da 'yan tsakinta rawaya suna ta tsuwa.

"Ga gudummawar uwarki," ya ce. Ya juya ga ango. "Kai kuma kada in sake jin labarin shayi da burodi. Allah Ya yi muku albarka, Ya cika muku gida kamar kwalin nan."

Dogo ya karɓa da hannu biyu. Auta ta buɗe baki za ta ce amin, kuka ya riga ta.