Ɗakin da Hanzala Ya Rushe da Magariba

Rana ta faɗi a bayan kogin Binuwai, amma zafinta bai bi ta ba. A Garwa haka abin yake a watan Maris: bango ya sha rana tun safe, da yamma kuma ya riƙa amayar da ita a jikin mutane. Jemagu sun fara fita. A wani gida a unguwar Yelwa, Inna ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida tana jiran kiran salla, jikarta Ruƙayya kuwa, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta ɗauko tukunyar ruwan zafin da ta tace taliya ta nufi bakin kwata.

"Ke, tsaya," in ji Inna. "Ba a zubar da ruwan zafi da magariba sai an yi bisimilla an dakata kaɗan. Ba mu kaɗai ne a gidan nan ba."

Hanzala, ɗan Inna kuma mahaifin yarinyar, ya ji wannan daga ɗakin aikinsa, ya yi ɗan murmushin mutanen da suka yi boko. Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa Hawa'u, kuma tun daga ranar ya koma kusan bebe a gidan. Ya fi sakewa da kwamfutarsa fiye da mutane, don ita ba ta yi masa ta'aziyya.

Kwamfutar guda ɗaya ce, baƙa, tana aiki da Linuks, manhajar nan da kowa ke iya ɗauka kyauta ya buɗe cikinta ya gyara. Amma a cikinta Hanzala ya gina wasu kwamfutoci huɗu da ba su da jiki, kowace da nata aiki, kowace tana zaton ita kaɗai ce a duniya. Da Inna ta tambaye shi, ya ce mata ta ɗauka gida ne ɗaya mai ɗakunan haya. Ɗaki na farko na wata makaranta ce a Pitowa, sunayen yara da makinsu. Na biyu na ƙungiyar manoman auduga, na uku na kantin maganin abokinsa Fabien. Na huɗu ya gina shi ne don gwaje-gwaje a bara, lokacin da ya sare tsohuwar tsamiyar bayan gida domin rana ta sami farantan solarsa. Ya yi gwajinsa ya gama, ya bar ɗakin a kunne, ba kowa a ciki, ya manta da shi. A da, duk Juma'a bayan masallaci yakan ɗauki abin da masu sana'ar ke kira hoto na kowane ɗaki, ya ajiye a wani ƙaramin faifai cikin aljihun tebur, ta yadda in ɗaki ya lalace zai iya mayar da shi daidai yadda yake a ranar da aka ɗauki hoton. Wannan ɗabi'ar ta bi Hawa'u kabari.

A wannan yammacin shugabar makarantar Pitowa, Madam Josiane, ta kira shi har sau uku. Gobe za a raba wa yara takardun sakamako, ga shi komai ya tsaya cik. Hanzala ya duba, ya ga ɗaki na huɗu, wanda babu kowa a ciki, shi ne ya haɗiye kusan duk ƙwaƙwalwar na'urar, ya bar sauran suna numfashi da ƙyar.

Duk mai wannan sana'a ya san umarni biyu ne na kashe irin wannan ɗaki. Na farko sallama ce: a aika wa na ciki saƙo ya tattara kayansa ya rufe da kansa, a kuma jira shi. Na biyu ba ya tambayar kowa, kamar a fizge waya daga bango. Hanzala ya aika na farko, bai ji amsa ba. Ladan ya fara kiran salla, wayarsa ta sake ruri. Bai sake sallama ba, bai jira ba, ya buga na biyun. Don haushi kuma ya goge ɗakin ɗungurungum. Nan take makarantar Pitowa ta farfaɗo, ya miƙe yana naɗe hannun riga zai yi alwala, yana jin kansa gwani.

Bai kai ga buta ba dutse ya sauka a kan kwanon rufin. Sai na biyu, sai na uku, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jifan ba ya sauri. Hanzala ya fita waje da nufin kama 'ya'yan maƙwabta, ya tarar da layin wayam, kowa ya tafi masallaci. Da ya dawo, ya ga Inna ta ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ta yar da shi da sauri. Dutsen da zafi, kamar an ciro shi daga murhu.

Washegari da magariba aka sake, har da tarwatsa randar ruwa. Maƙwabta suka daina aiko yara karɓar wuta ko gishiri. A ɗakin aiki kuma, fankar kwamfutar ta ɗauki wani sauti da ba nata ba, wani gunji siriri mai hawa da sauka irin na macen da ta gaji da kuka amma ta kasa dainawa. Hanzala ya buɗe kundin da na'urar ke rubuta duk abin da ya faru a cikinta, ya ga layi ɗaya yana ta maimaita kansa: ana ƙoƙarin buɗe ɗaki na huɗu, ana samun babu shi. Sau dubbai, kuma duk tsakanin faɗuwar rana da isha'i. Ya kira Fabien, wanda shi ma yana taɓa harkar, Fabien ya ce wataƙila zafi ne ya taɓa ƙwaƙwalwar, ko wani ɓarawon intanet ya shigo. Hanzala ya sauya ƙwaƙwalwa, ya cire wayar intanet gaba ɗaya, ya share ƙura. Layin bai fasa ba. Tsoro ya shige shi sosai, amma girman kai ya hana shi faɗa wa Inna abin da ya gani.

A rana ta uku, Ruƙayya tana tsefe kanta a bakin ƙofa, sai tsinken ya faɗi daga hannunta. Ta miƙe a sandare, ta taka har ɗakin aikin, ta dafa kwamfutar da tafin hannu biyu, ta juyo ta dubi mahaifinta da idanun da bai taɓa gani a fuskarta ba.

"Ina ka kai shi?" ta ce, da muryar babbar mace.

Daga nan ta faɗi. Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta sha ba, in an matso da cokali sai haƙoranta su datse. Inna ba ta tsaya shawara da ɗanta ba, ta aika aka ɗauko Modibbo Usmanu, wani tsohon malami mutumin Bogo da ke karantarwa a bayan babbar kasuwa. Ya iso bayan la'asar, siriri, ba ya ɗauke da komai sai carbi da butarsa. Bai fara da yarinyar ba. Ya zaunar da Hanzala ya sa shi ya faɗi duk abin da ya yi a yammacin farko, kuma duk da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, bai nemi a maimaita masa komai ba.

"Sau nawa ka yi sallamar?" ya tambaya.

"Sau ɗaya, Allah gafarta Malam."

"Ko gidan ɗan'adam sau uku ake yi," in ji Modibbo.

Da rana ta yi ja, ya sa aka kwantar da Ruƙayya a tabarma a ƙofar ɗakin aikin, Inna ta riƙe ƙafafunta. Ya yi tofi a ruwa ya yayyafa, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba su motsa ba. Ya daɗe yana yi kafin jikin yarinyar ya fara karkarwa, bakinta ya buɗe, muryar nan ta fito, a bushe, cike da ƙiyayya.

Aljanar ta ƙi faɗin sunanta. Ta ce a tsamiyar bayan gida suke tun kafin a haifi kakan Hanzala. Ya sare ta saboda farantansa, ba su ce uffan ba, don sun san ɗan'adam da rashin ta ido. Suka sami ɗaki a kunne, da ɗumi, babu mai shi, ita da jaririnta suka shiga. Shekara guda ba su taɓa ko cokalin gidan ba. Yaron ne ya girma, ya fara cin wuri. A yammacin nan ta fita nema ta bar shi yana barci, ta dawo ta tarar babu ɗaki, babu ɗa.

"Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya," ta ce. "Yaro mai barci zai amsa? Ya ɗauke nawa, na ɗauki tasa. Mun yi daidai."

Modibbo ya ce mata yarinya ba ta da laifi, kuma Allah ya haramta zalunci a kan mutum da aljan. Ya ɗaga murya da karatu. Ta yi ƙara har kwanon rufin ya amsa, duwatsu suka zubo kamar ƙanƙara, amma ba ta saki ba. Ta ce ya ƙone ta in ya iya, ba ta da sauran abin da take tsoron rasawa, sai dai ya sani da numfashin yarinyar za ta tafi. Leɓunan Ruƙayya suka fara yin fari. Modibbo ya dakata, kuma a karon farko Hanzala ya ga damuwa a fuskar tsohon.

A nan ne faifan aljihun tebur ya faɗo masa a rai. Ya durƙusa a gaban 'yarsa, yana magana da wadda ke cikinta. Ya ce yana da hoton ɗakin, zai iya mayar da shi da duk abin da ke ciki.

"Yadda na bar shi?"

Ya so ya ce e. Modibbo ya dube shi, ya fasa ƙaryar. Ya ce a'a, sai dai yadda yake a ranar da aka ɗauki hoton, kuma rabonsa da ɗauka wata bakwai ke nan.

Ta yi wata dariya da ta sa Inna ta saki ƙafafun ta kama salati. Ta ce a cikin watannin nan bakwai ɗanta ya fara tafiya, ya fara kiran ta. Yanzu zai dawo mata yana rarrafe, bai san bakinta ba, saboda wani malalaci ya daina aikinsa na Juma'a.

"Na karɓa," ta ce. "Amma da mudun da ka auna mini zan auna maka. Wata bakwai nawa, wata bakwai nata."

Modibbo ya yi ta jan ciniki, ya roƙa, ya tsoratar, ya haɗa ta da Allah. Abin da ya iya samu shi ne rantsuwa cewa za ta ɗauki ɗanta ta bar gidan da zuriyarsa har abada, ta koma duwatsun bayan gari. Daga wata bakwai kuwa ko kwana ɗaya ba ta rage ba. Ya juya ya ce wa Hanzala hukunci nasa ne, 'yarsa ce.

Hanzala ya yi lissafin uba mai neman sauƙi: abin da yarinyar za ta manta karatun wata bakwai ne kawai, za ta rama. Ya jona faifan, ya buɗe jerin hotunan, ya gangara zuwa na ƙarshe. Da ya ga kwanan watan, ya dakata. Juma'a ce. Ya tuna ta sarai. Ran nan Hawa'u ta leƙo wannan ɗakin da kwandonta ta ce za ta kasuwa, ya amsa mata bai ko ɗago kai ba. Asabar zazzaɓi ya kama ta, Laraba aka binne ta. Ya waiwaya ya dubi Ruƙayya, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar. Ya yi bisimilla, abin da bai yi ba a karon farko, ya danna.

Mayarwar ta ɗauki kusan minti ashirin. Da ɗaki na huɗu ya kunnu, fankar ta yi shiru, aka ji wani ɗan kuka siriri kamar na jinjiri a gidan maƙwabta, sai wata iska mai zafi ta ratsa tsakar gida ta fita ta kan katanga. Modibbo ya sa Hanzala ya yi sallama sau uku, da jira a tsakani, kafin ya rufe ɗakin. A ta ukun ɗakin ya rufe da kansa, lafiya lau.

Ruƙayya ta buɗe ido ana kiran isha'i. Ta nemi ruwa, ta shanye kofi biyu, ta dubi baƙon tsoho da mamaki, ta gaishe shi da ladabi. Inna ta rungume ta tana hamdala. Yarinyar ta shafa kanta, ta ji rabi a tsefe, ta leƙa ɗakin girki, ta leƙa ƙofar ɗakin mahaifiyarta da aka rufe tun wata bakwai.

"Baba," ta ce, "har yanzu Mama ba ta dawo daga kasuwa ba? Ta ce yau za ta yi mini kitso."

Inna ta juya fuskarta bango. Modibbo ya ɗauki butarsa a hankali ya nufi zaure. Hanzala ya tuna yadda ya faɗa mata rasuwar a karon farko, da yadda ta yi wata uku ba ta yi dariya ba, ya ga ba wanda zai ɗauke masa wannan aikin yau ma. Ya zauna a gefen tabarmar, ya kama hannunta.

"Matso kusa, Ruƙayya," ya ce. "Akwai maganar da zan faɗa miki."