Allura Sittin

Shekara uku kacal Auta ya yi ba ya gida, amma da ya dawo sai da ya tsaya yana dube-dube kamar baƙo. An sare bishiyar tsakar gida. Ɗakinsa ya zama ma'ajiyar tsofaffin katifu. Inna, mahaifiyarsa, ta fara sa tabarau, ta kuma fi shi iya latsa waya. Abu ɗaya ne bai canja ba: har yau Amarya take kiran matarsa, kuma har yau ta fi sonta a kansa, don tun rasuwar mahaifiyar yarinyar ita ta zame mata uwa.

Kwana ashirin da zuwansu, hankalinsa ya fara komawa hanya. Hutun wata ɗaya garejin gyaran bas ɗin da yake aiki a birnin ƙasar waje ya ba shi. Ya buɗe jaka zai duba takardu, sai ya ga fasfonsa kaɗai.

"Nata yana durowata, na kulle," in ji Inna, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai ɗan yawo ka kama gabanka. 'Yata kam ta dawo ke nan!"

"Haba Inna! Laifin me na yi?"

"Zauna ka ji laifinka."

Ta gyara tabarau ta latsa waya. Sai ga saƙon muryar da Amarya ta aiko mata daga can, cikin kuka: "Inna, garin nan ba mai gaida kowa. Yau na ɓata a benenmu, hawa goma sha huɗu, ƙofofi duk iri ɗaya..." Inna ta latsa wani, ta sake latsa wani. Sanyi, kaɗaici, bas ɗin da ya wuce ya bar ta. Ko ɗaya ba ta goge ba.

Shi dai Auta da safe yake fita, ya dawo ya tarar da abinci da murmushi. Bai taɓa tambaya ba. Ya dubi Amarya, wadda ta shigo da tiren shayi ta ƙame a bakin ƙofa.

"Ki yafe mini," ya ce. "Rabuwa da ke ba zan iya cewa zan jure ba, amma in zama kike so, ba zan tilasta miki ba."

Amarya ta ajiye tiren ta durƙusa gaban Inna, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Inna, na farkon duk gaskiya ne. Amma na bayan nan... filis kar ki yi fushi. Kunya nake ji in ce miki na fara jin daɗi, kar ki ce na manta da ke. Sai in nemo abin ƙorafi in aiko."

"Au! Ni ina nan ina kwana da baƙin ciki, ke kina can kina nemo mini shi?"

"Sori Inna."

Sai ta ba su labarin wata tsohuwa da ƙofarta ke kallon tasu a can, tela ce mai ɗinkin hannu, idonta ya raunana. Wata safiya ta ƙwanƙwasa, ta miƙo allura da zare hannunta na karkarwa. Ba mai jin yaren wata. Amarya ta zura mata ta rufe ƙofa. Washegari tsohuwar ta sake zuwa. Da aka yi mako, Amarya ce ta fara ƙwanƙwasa mata. Tsohuwar ta ja ta zuwa shagon zare, tana nuna mata lambar bas da yatsu. A bakinta Amarya ta koyi sunan ja da shuɗi, sannan gaisuwa, sannan zagin direba in ya taka birki da ƙarfi.

"Har zagi?" Auta ya zaro ido.

"Ka yi mana shiru!" in ji Inna.

"Yanzu mai shagon zare har tsokanata take yi. Na san kujerar da rana ke taɓawa a bas. Inna, garin da mutane a cikinsa, ƙofofinsu ne kawai a rufe." Ta share ido. "Allura biyu take amfani da su a rana. Da za mu taho na zauna na zura mata sittin, na jera a jikin matashi. Ta ƙirga su a gabana, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Yau saura ashirin."

Inna ta cire tabarau tana juya shi a hannu. Ita ma ta kwana biyu da daina ganin kafar allura.

Ta miƙe ta buɗe durowa, ta ɗauko fasfo da gwangwanin ɗinkinta, ta dire su a cinyar Amarya.

"Ba zan sa tsohuwa 'yar'uwata ta wayi gari babu zare ba. Amma sai kin zura mini nawa tukuna. Kuma daga yau in kin yi dariya, ita ma ki aiko mini!" Ta juya kan Auta. "Kai kuma, miji ba kawo cefane kaɗai ba ne. Ka riƙa tambaya."

Haka ne kuwa. Wanda yake ƙaunarka yana da haƙƙin jin daɗinka kamar yadda ya ji kukanka, kuma haƙurin da aka yi da baƙon wuri ba ya tafiya a banza.

Ana gobe tafiya, Auta ya danne akwati da gwiwa yana jan zip. Amarya na gefe tana zura wa Inna allura ta arba'in.

"Ranar hutuna za ki kai ni shagon zaren nan," ya ce. "Wace lamba ce ma bas ɗin?"

"Kai da kake gyara su?" Ta ciji zaren tana dariya. "Ka biyo ni kawai, baƙo."