Ya Gani, Bai Amsa Ba

Inna na tankaɗe a tsakar gida, Munawwara na gefe bisa tabarma, ta kafa wa waya ido kamar mai duban watan sallah.

"Wannan abar za ta cinye ki, 'yar nan," in ji Inna.

"Haba Inna! Karatu nake, a guruf ɗin ajinmu ake turo lakca."

Ƙarya dai fure take, ba ta 'ya'ya. Saƙonnin guruf sun taru, ko leƙa su ba ta yi. Saƙon saurayinta Zulkifli take jira, ɗan garin Maruta, ajinsu ɗaya a jami'a, suna shekarar ƙarshe. Babanta, Malam Ɗanbala na Kangire, ya riga ya yanke magana: ba sa rana sai ta kawo takardar gama karatu. Iyayen saurayin suka ce za su jira har kaka.

Haka aka koma makaranta. In ta tura masa "Ina kewarka," layi biyun nan su yi shuɗi, alamar ya karanta, amma shiru. Sai ta kasa lakca, ta kasa abinci, ta yi ta leƙawa ko yana onlayin. Can in ya ga dama ya jefo mata "Tauraruwata," shi ke nan an gama da ranar.

Sakamako ya fito. Zulkifli ya haye. Munawwara kuwa kwas huɗu suka kayar da ita, sai ta maimaita shekara.

Baba bai yi faɗa ba, kuma gara faɗan. "Maganata tana nan," kawai ya ce.

Daga Maruta gwaggon Zulkifli, A'i, ta zo takanas ta Kano. "Malam, kaka muka ce, ga shi har an yanke dawa. Uwarsa ta gaji da jira, ga 'yar ƙanenta nan a gida, ita za a ba shi."

Munawwara ta kira shi tana kuka. "Zulkifli, saboda kai fa na faɗi!"

"Saboda ni? Ni da na ga saƙonki, kife wayar nake in ci gaba da karatu. Wallahi na ɗauka ke ma haka kike yi."

Wayyo! Maganar ta fi labarin auren ciwo, don gaskiya ce.

Ta miƙa wa Inna wayar, ta karɓi 'yar ƙaramar wayarta rakani-kashi, ta koma aji cikin ƙannenta, ta haɗiye dariyarsu. Da shekara ta zagayo ta ajiye takarda gaban Baba, ya dafa kanta yana sa mata albarka.

Ranar ta kunna tsohuwar wayar. Saƙo ya shigo: "Barka, tauraruwata. Har yanzu kina raina." Ga hotonsa da amarya a sama.

'Yan'uwa ɗalibai, wanda kike zubar da karatunki dominsa, duba da kyau, watakila shi nasa na hannunsa.

Munawwara ta bari layi biyun suka yi shuɗi, sannan ta kife wayar.