Kason Ɗan Ƙasa

Bari in fara da dokar, domin wanda bai fahimce ta ba, ba zai gane abin da ya sami gidan Mai Tayal ba. A ƙasar da ya je neman arziki, baƙo ba ya buɗe kamfani sai ya nuna jari mai nauyi a banki, kuɗin da ya shigo da su daga waje. Idan ya haɗa kai da ɗan ƙasa, sai a rage masa adadin. Doka ce mai kyau, an yi ta ne don kada baƙi su cinye kasuwar masu gida.

Mai Tayal ya daɗe yana sayar da tayal na daɓen ɗaki a ƙarƙashin lasin wani, a ɗan lungun shago, yana biyan mai lasin duk wata. Ya auri 'yar ƙasar, sun haifi yarinya ɗaya da kowa ke kira 'Yar Baba. Ni nake koyar da ita a makaranta. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba. Amma kullum ya wuce manyan shagunan bakin titi sai ya rage tafiya.

Ya je wurin lauya. Lauyan ya rubuta masa adadin a bayan ambulan, na baƙo shi kaɗai da na mai abokin tarayya, ya turo masa.

"Ko ƙaramin ma, in na sayar da kaina ba zan kai ba," in ji Mai Tayal.

"Kai da ƙafafunka duka, Alhaji, ba za su kai rabi ba," lauyan ya ce yana dariya. Alhaji yake kiran duk wanda ya biya kuɗin ganinsa. "Ka nemo. Banki ba ya tambayar kuɗi ko sun yi wanka."

Wani direban babbar mota ne ya kwatanta masa wurin wani boka. Da rana tsaka ya je, bayan wata tsohuwar ma'ajiyar kaya da aka daina amfani da ita. Ɗakin ba taga. Ƙasan an malale shi da tsofaffin kuɗi, takardu da tsaba, na ƙasashe daban-daban, duk irin waɗanda aka daina karɓa, sai ƙamas-ƙamas suke yi a ƙarƙashin ƙafa. A bango an rataye ƙahoni da jan ƙyalle da ya yi baƙi don maiƙo. A tsakiya akwai wani babban sikeli mai faranti biyu, irin na 'yan hatsi, an shafe ƙarfensa da wani abu da ya bushe ya yi ɓawo. Bokan kansa siririn mutum ne mai tsabta, farcensa a yanke.

"Jarin nuni kake so," ya ce tun kafin a gaisa. "Masu gidan nan, waɗanda ido ba ya gani, za su zuba. Za ka gan shi a banki, hukuma za ta gan shi. Amma ba a cire ko sisi, kuma ba a mayar da shi."

"Me zan biya? In jini ne, ka faɗa mini tun yanzu in tashi."

"Jinin mutum aikin ƙananan bokaye ne. Waɗannan 'yan kasuwa ne. Wanda ya zuba jari, riba yake ɗauka. Suna ɗauka daga masu kamfanin, kowa gwargwadon kasonsa."

"Ribar kuɗi?"

"Me za su yi da kuɗi? Dubi abin da kake takawa." Bokan ya ture wata tsaba da ɗan yatsan ƙafa. "Suna ɗaukar abin da ke sa mutum ya san yana raye. Mai ƙaramin kaso, kaɗan. Mai babban kaso, da yawa."

Mai Tayal ɗan kasuwa ne, nan take ya fara lissafi.

"Duk wanda sunansa ke kan takardar kamfani?"

"Duk wanda hukuma ta sani, su ma shi suka sani. Ba sa karya doka."

Aka ce ya ɗora hannun dama a kan faranti ɗaya. Ɗayan ba komai a kai, amma ya yi ta sauka a hankali har ya taɓa ƙasa, hannun Mai Tayal ya ɗaga sama. Ya ji sanyi ya shiga tafinsa ya tsaya a gwiwar hannu. Bokan ya yanka baƙar kaza a kan farantin da ya sauka. Jinin bai zuba ƙasa ba, farantin ya shanye.

A kasuwar nan akwai al'adar aron suna. Baƙo ya sami talaka ɗan ƙasa, ya ba shi ɗan abin sayen sabulu, a rubuta shi a matsayin abokin tarayya, shi kuwa bai san ko ƙofar banki ba. Mai Tayal ya zaɓi tsohon da ke gadin layin shaguna, mutum mai barkwanci, ba mata ba ɗa. Ya sa lauya ya rubuta wa tsohon kaso mafi tsoka, shi ya riƙe ɗan kaɗan.

"Ashe ni ne maigidanka yanzu," tsohon ya ce yana dangwala yatsa. "To gobe ka zo da wuri, ka share mini gaban shago."

Kuɗin suka bayyana a asusu daga wani wuri mai nisa. Banki ya ba da takardar shaida, hukuma ta ba da lasin. Arziki ya zo kamar an buɗe famfo. Masu kwangila suka yi layi, kwalayen tayal suka kai rufi, aka fasa bango aka haɗe shagon maƙwabci. Suka bar ɗakin haya suka koma gida mai bene.

Tsohon ya fara da cewa abinci ba gishiri. Daga nan ya daina barkwanci. Wata rana aka ga ya riƙe butar shayi mai tafasa da tafin hannu, fatar na tashi, yana kallonta kamar hannun wani. Kafin shekara ta zagayo aka same shi zaune a kan bencinsa, idonsa a buɗe, ya cika.

Mai Tayal ya sayi likkafani. Abin da ya lura da shi a jikinsa kaɗan ne: ya daina jin ƙanshin turaren matarsa, kuma 'Yar Baba ta kan faɗo jikinsa da gudu amma ba ya jin komai ya motsa a ƙirjinsa. Ya ce gajiya ce.

Sai lauya ya kira shi. Kamfanin ba shi da ɗan ƙasa yanzu, lokacin sabunta lasin ya gabato, ga kaya maƙare a kwantena suna jiran a fitar. Ya nemi wani mai aron suna, amma magana ta riga ta zaga kasuwa. Ko masu dako ba su yarda ba.

"Alhaji, kana ba ni mamaki," in ji lauyan. "Kana yawon neman ɗan ƙasa, ga 'yar ƙasa tana dafa maka abinci?"

"Ban da ita."

"To a rufe shago, hukuma ta ƙwace kaya. Zaɓi naka."

Daga ƙarshe ya yarda a sa sunanta, ya gaya wa kansa na ɗan lokaci ne, kafin ya sami wani. Matar ta yi kwalliya ranar sa hannu, ta sayi sabon biro.

"Maigida, yau ka san darajata," ta ce. "Daga yau in ka yi mini tsawa, in kore ka daga aiki." Ta juya ga lauyan. "Ka ƙara rubuta mini abu ɗaya. In na riga kowa tafiya, kasona na 'Yar Baba ne. Kada dangi su zo su yi mata wawaso."

Lauyan ya rubuta. Mai Tayal yana zaune a gefe. Ya san nan ne wurin da ya kamata ya miƙe ya ƙwace biron. Ya duba cikin zuciyarsa ya nemi tsoro, bai samu mai yawa ba.

Bai sami wani ba, kuma gaskiya bai nema sosai ba, don ciniki ya yi yawa. Matar ta fara da gishiri ita ma. Sannan ta daina amsa sallama. Ta kan zauna a ƙasan falo tana shafa tayal da tafin hannu tun safe har la'asar, tana tambaya, "Wannan sanyi ne ko zafi?" An kai ta asibiti, an yi mata addu'o'i. Wata safiya ta dubi 'yarta ta ce, "Yarinya, 'yar wane gida ce ke?" Ba ta ƙara wata guda a duniya ba.

A wurin zaman makoki mutane suka yi ta yaba haƙurinsa. Ko hawaye ɗaya bai zubar ba.

Washegarin addu'ar bakwai ya tafi wurin lauya.

"Ka mayar da kason yarinyar kaina. Duka. Yau."

"Ba ya yiwuwa, Alhaji. Dukiyar marainiya ce. Kotu ta rufe ta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, sai ta kai shekarun girma ta sa hannu da kanta."

"To a rushe kamfanin."

"Shi ma sai da yardar mai kaso mafi yawa. Ka kwantar da hankalinka, dokar nan don kare ta aka yi. Ko kai ubanta ba ka isa ka taɓa ba."

Ya koma bayan ma'ajiyar kayan. Bokan yana goge farantin sikeli da tsumma. Mai Tayal ya durƙusa a kan matattun kuɗin ya ce a ɗauke shi a madadinta.

"Na gaya maka tun farko, ba sa karya doka," bokan ya ce. "Kuma kai me ya rage a jikinka da za a ɗauka?"

Shagon yana nan a buɗe. Jarin yana banki, ko sisi bai ragu ba, duk shekara hukuma tana sabunta lasin ba gardama. Mai Tayal yana zama a bayan tebur yana karɓar kuɗi, ba ya gaisawa da kowa.

Ni abin da zan gaya wa mai karatu, a hankali zan faɗe shi. In an ce ƙofa sai mai jari, kai kuma ba ka da shi, ka tsaya a lungunka har Allah ya buɗa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma wahalar ba ta tsayawa kan mai kwaɗayin. Wanda ya ce zai ɗora wa bare kaya, ya sani hanyar da kayan suka bi suka fita, ta nan suke dawowa gida.

'Yar Baba ba ta daina zuwa makaranta ba tukuna. Ran nan lokacin hutun tara na ga ta buɗe kwanon abincinta, ta ci loma biyu, ta ajiye cokali. Ta zo wurin teburina da ladabinta kamar kullum.

"Malam, don Allah ko kana da gishiri?"