Mai Lamba Sittin da Huɗu

Ranar da Leanne Burdette ta shigo shagon tsofaffin faifan gem, wato wasan bidiyo, da ke bayan gidan mai, Cordell Pruitt na tsugune yana jera kaya. Yana ɗagowa ya manta abin da ke hannunsa.

"Kuna da gem ɗin ƙwallon Amurka na jami'o'i, na shekara ashirin da suka wuce?"

"Saura ɗaya. Amma bari ki ji gaskiya. Ihun 'yan kallonsa ba na biyunsa, har allo girgiza yake. Gudu da ƙwallo kuwa, sai wanda ya taɓa. Matsalar, ki jefa wa mutum ƙwallo a ƙirji ya yar, fuskokin duk kamar uwa ɗaya ta haife su, ga shi ba sunaye, sai lamba..."

"Bawan Allah, akwai kawai na tambaya."

"Kina da na'urar?"

"Wace na'ura kuma?"

Ya ara mata tasa, ya rubuta lambar wayarsa a bayan kwalin. Washegari saƙo ya shigo:

"Mai surutu, mutanena baya suke gudu. Haka gem ɗin yake ko ni ce?"

"Ke ce, Kyaftin. Juya madannin, a kife kika riƙe."

Daga nan kullum da yamma suna barandar shagon da shayi mai ƙanƙara, yana koya mata. Abu ɗaya ya kasa ganewa: jami'ar garinsu kawai take zaɓa, kuma ba ta bin ƙwallon da ido, wani wuri can a layin ƙattin 'yan wasa masu kwalkwali take kallo. In ya tambaya sai ta yi murmushi. Shi kuma in ta yi murmushi, tambayar ɓace masa take.

Wata huɗu suka yi kafin ta gayyace shi cin abinci ranar Lahadi bayan coci. Mahaifiyarta Mama Verna ta jera gasasshen haƙarƙari da burodin masara. A kan teburin ga Brantley, ɗan mai sayar da motoci, wanda ya daɗe yana bibiyar Leanne. Mahaifinta Otis, ƙaton mutum mai dogara sanda, ya ƙare wa Cordell kallo.

"Kai ne Pruitt mai sharhin gem a intanet?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Ga ƙofa nan."

Cordell ya dubi ƙofar, ya dubi cokalin hannunsa. Brantley ya ci gaba da tauna.

A mota ya rubuta wa Leanne: "Me na yi? Rigata ce? Ko don na fara ci ba a yi addu'a ba?"

"Mai lamba 64 na jami'armu a gem ɗin, Babana ne. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba sai a allonka. Brantley ya buga masa sharhinka a takarda. Me ka rubuta, Cordell?"

Ya buɗe tsohon sharhin, ya karanta. "Mai lamba 64 gudu yake kamar ana tura firij a kan yashi."

Kwana uku ba ta ɗauki wayarsa ba. Shi a zatonsa ta koma wa Brantley. Ita kuma a zatonta ya san komai tun farko, dariya kawai yake mata.

Ranar Asabar ya ɗauki na'urar ya nufi gidan. Mama Verna ce ta buɗe masa. "Shigo ɗan nan, tun Lahadi ba wanda ya ci abincin kirki a gidan nan."

Ya jona na'urar a talabijin. "Yallaɓai, na gyara kuskurena. Na kai gudunka a gem ɗin tamanin da tara... a'a, casa'in da tara cikin ɗari."

A allo, ƙaton mai lamba 64 ya fyalla kamar barewa, ya wuce kowa har da mai ƙwallon.

"Wane ne wannan?" in ji Otis.

"Kai ne."

"Ƙarya kake! Ni ban taɓa gudu haka ba, ko kare ya biyo ni. Mayar da ni yadda nake."

Kan Cordell ya ƙulle. "To ba firij ɗin ne ya ɓata maka rai ba?"

"Firij? Kocinmu ya kira ni abin da ya fi haka a gaban uwata." Ya zaro takardar daga aljihu, duk ta yamutse. "Karanta layin ƙarshe."

Cordell ya karanta: "Ko ma wane ne shi, ba wanda zai tuna."

Leanne na tsaye a bakin kicin tana saurare.

"Gwiwoyina biyu na bari a filin nan," in ji Otis a hankali. "Masu gem ɗin ba su sa sunana ba, kai kuma ka zo ka rufe ni da ƙasa."

"Na yi laifi, yallaɓai. Ban kawo a raina akwai mutum a bayan lambar ba." Ya mayar da gudun yadda yake. Sannan ya shiga wurin sunaye, ya rubuta harafi bayan harafi: BURDETTE. "Amma duba wani abu. Shekara goma ina buga gem ɗin nan, duk sanda na matsu, bayanka nake bi."

Ya danna. Mai lamba 64 ya taka a hankali, ya ture mutum biyu, hanya ta buɗe, ihun 'yan kallo ya cika falon. Otis ya daɗe yana kallon sunan.

"Ba ni abin nan. Wanne ake dannawa?"

Wayar Cordell ta yi ƙara. Saƙon Leanne ne daga bakin kicin: "Kai sakarai ne, mai surutuna. Amma nawa ne."

A watan Afrilu aka ɗaura auren, don Mama Verna ta ce ba mai hankalin da zai sa biki a kakar ƙwallo ya sa ran ganin dangi. A gaban coci Otis ya ɗora hannun 'yarsa a na Cordell.

"Shekara huɗu a filin ƙwallo aikina in tare hanya. Yau na matsa. Ku wuce, Allah ya yi muku albarka."

Jama'a suka amsa da amin.