Kiɗan Yalwa, Wutar Banda

"Ni dai ki gaya mini gaskiya, Kulu... za ki zo, ko ba ki zuwa?"

Kulu ba ta ɗago kai ba. Tana durƙushe gaban banda, tana naɗe tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya, tana soke su da tsinke, tana jerawa bisa waya. Zulkiflu na tsaye kanta cikin farar shadda, hayaƙi na shiga masa ido yana ƙiƙƙiftawa.

"Zulki, ba ka ganin abin da Baba ya kawo?"

"Na gani."

"To mi kake so in ce maka?"

"Ki ce kina zuwa, shi ke nan. Goggo Ladi tun daga Wara ta taso. Ta ce yarinyar ga kullum sai labarinta, ko dai aljana ce nika nema."

Kulu ta so ta yi dariya, sai ta ɗauko wata tarwaɗa ta soke.

Bari in gaya muku yadda abin yake, don kada ku ce yaron ya cika matsi. Kulu ɗiyar Ɗanbaba masunci ce, a wani ɗan tsibiri da ke kallon Yalwa. Shi kuwa Zulkiflu ɗan cikin gari ne, maraya, goggonsa ta rene shi. Sana'arsa busa wani ƙahon Turawa mai lanƙwasa, saksofon suke ce masa. Ran nan bayan la'asar za a yi babban wasa a filin bakin ruwa: masu kiɗan rege daga Jos, masu gurmi da kalangu na gida, sai kuma masu kiɗan jaz daga Kaduna, waɗanda suka ɗauke shi aiki. Da safe za su wuce da shi. Goggo Ladi ta ce in ta ga yarinyar da idonta a yau, za ta sa maza su ƙetare ruwa neman aure. In ba ta gani ba, a bar maganar, don an sha sa mata rana tana komawa da goronta.

Ita kuma Kulu, mahaifinta ya dawo da kamun da rabon a ga irinsa tun kafin damina. Ya juye ya koma ruwa. Kowace mace a tsibirin tana kan tata bandar, ba mai hannun aro. Mahaifiyarta Inna kuwa, shekarun da ta yi cikin hayaƙi sun cinye mata ido, sai dai ta ga haske da inuwa. Banda kuma in an hura mata wuta ba a juya mata baya. Ka bar ta ta mutu, kifi ya ruɓe. Ka bar ta ta yi ƙarfi, man kifi ya ɗiga, komai ya kama.

"Masoyiya..." Zulkiflu ya durƙusa kusa da ita, shaddar nan har cikin toka. "Ba ni ce ki bar gida yau ba. Ki zo, ki gaishe ta, ki ji ni ina busawa ko sau ɗaya. Kafin magariba kin dawo."

"In na samu hali..."

"Kullum haka kika cewa."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Bai yi faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi mata ciwo. Ya leƙa ƙofar ɗaki ya ce, "Inna, na tafi," ya gangara bakin ruwa.

Da la'asar ta yi, sai ga gwajin sifiku daga tsallake. Kun san ruwa yadda yake ɗauko sauti, kamar a bayan ɗakinka ake yi. Ganga ta ce dum, wani ya ce ɗaya biyu, ɗaya biyu.

Inna ta fito tana lalube, ta zauna bisa turmi.

"Kulu, tashi ki yi wanka."

"Inna, wuta..."

"Ke kinka koya mini banda? Tun ba a haife ki ba nika wannan aiki. Idona ya tafi, hancina yana nan. Tashi."

"In ta kama fa?"

"In ta kama na kashe ta. Ɗiyata, ni ban haife ki don ki tsufa gaban murhu ba. Je ki sa atamfar nan mai ruwan ganye."

Kulu ta tsaya tana kallonta. Sai ta rage itace, ta jawo bokitin ruwa kusa da ƙafar Inna, ta kama hannunta ta taɓa mata shi. Ta yi wanka, ta shafa turare har sau nawa, amma ƙaurin kifi bai bar yatsunta ba.

Malam Hamza mai jirgi ya gan ta ya washe baki.

"A'a, yau 'yar Ɗanbaba ce haka? To kifayen fa, wa kinka bar wa amana?"

"Baba Hamza, don Allah mu tafi."

Jirgi ya kama hanya. Masu rege sun riga sun fara, kiɗan nan mai tafiya kamar raƙumi, samari na amsawa. Tun daga nesa tana hango rumfuna, da jan ƙyalle bisa dandamali, da mutane cunkus har bisa motoci. Tana ta shirya gaisuwar da za ta yi wa Goggo Ladi, ko ta durƙusa har ƙasa, ko ta tsaya a rusunawa.

Ta yi wa kanta alkawari ba za ta waiga ba. Sai da suka kai tsakiyar ruwa wuyanta ya juya da kansa.

Hayaƙin banda mai lafiya fari ne, a kwance yake tafiya. Wanda ke tashi daga bayan gidansu baƙi ne, a tsaye.

"Baba Hamza... juya."

Ya rage inji, ya duba. "Wataƙila na maƙwabta ne, Kulu."

"Namu ne."

"Ga Yalwa nan, saura kaɗan..."

Ta dubi gaba. Masu gurmi ne suka hau yanzu, har tana jin tafin mata. Ta dubi baya. Jirgi na ta lilo da ita a wuri guda, ba ta nan, ba ta can.

"Juya, Baba."

Ta tarar da Inna a tsugune, bokiti a kife, tana jawo waya mai zafi da hannu tsirara. Wutar ta mutu. Rabin kifin ya zama gawayi, rabi ya tsira. Tafin hannunta na dama ya tashi fari fat.

"Wa ke nan? Kulu? Mi ya maido ki?"

"Inna, hannunki..."

"Na kashe ta ai. Na ce miki ina kashe ta. Koma, ko Hamza ya tafi?"

Kulu ta durƙusa gabanta. Ta ɗebo ruwan randa a kwano ta tsoma hannun a ciki, ta riƙe shi. Inna na ta faɗa, tana cewa man ne ya yi yawa, tarwaɗar bana ƙiba gare ta, ba laifin ido ba ne.

Wayar salula ta yi ƙara cikin jaka. Kulu ta ɗauka da hannun hagu.

"Kina ina?" Hayaniya ta cika bayansa. "Mu za mu hau yanzu. Na aje miki kujera kusa da Goggo."

"Zulki... na taso. Wallahi na taso, har tsakiyar ruwa."

"To?"

"Na koma."

Ta ji wani na kiran sunansa a sifika.

"Bari in roƙe ta ta kwana," ya ce. "Gobe da sassafe..."

"Gobe ma akwai wuta, Zulki. Jibi ma. In na bi ka Kaduna, wa za ya zauna nan?" Hawaye suka gangaro mata har baki. "Ka ba Goggo haƙuri. Ka ce kada ta sa kowa ya ƙetaro."

"Kulu, kin san abin da kike faɗi?"

"Na sani, masoyina. Je ka, suna kiranka."

Ta kashe wayar ta kife ta bisa tabarma. Inna ta ji komai. Yatsunta ne kawai suka matse na Kulu a cikin ruwan.

Can sai filin ya yi tsit. Sai wata murya ta taso daga tsallake, ba ta mutum ba, ba ta sarewa ba, mai kauri da taushi. Ta hau sama a hankali, ta karye, ta sake hawa. Kalangu ya shigo yana bin ta a baya kamar mai rarrashi. Matan tsibiri suka bar juya kifi suka tsaya da tsinke a hannu.

Inna ta karkata kai wajen ruwa.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne, Inna."

Suka saurara har ya kai ƙarshe, tafi ya ɓarke kamar ruwan sama bisa kwano.

"Yaron ya iya," Inna ta ce a hankali. "Gaya mini, yaya yake yi in yana busawa? Rufe ido yake?"

Kulu ta juya wajen ruwa. Ta dubi jan ƙyallen nan da ya zama ɗan ɗigo a tsallake.

"Ban sani ba, Inna. Ban taɓa ganinsa ba."

Ta shafa wa hannun zuma, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Sannan ta tuɓe atamfar ta ninke, ta ɗaura zanen aiki, ta durƙusa ta fara tsince kifin da ya tsira.