Ruwa a Falo

Ranar da muka tafi gaida surukata babu ruwa, shi ya sa Maigida ya manta da famfon kicin a buɗe. Da muka dawo daren Lahadi, ruwa na kwarara ta ƙarƙashin ƙofa, ga shi ba wuta.

A falo muka tarar da matar tela, maƙwabciyarmu, tsaye cikin ruwa har idon sawu. Na yi sallama, ba ta amsa ba.

"Ƙarar ruwa na ji na shigo," ta ce, muryarta a shaƙe.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," in ji Maigida. "Yau sai dai mu kwana a kwalekwale."

Ni dai ban yi dariya ba. Da hannuna na buɗe kwaɗon ƙofar, kuma ba mu bar wa kowa makulli ba.

Ta ce masa, "Kawo Auta in riƙe, ka ɗaga katifu."

Kafin in buɗe baki ya miƙa mata yarinyar tana barci. Ta juya ta nufi ɗakin ciki. Na haska ƙasa da fitilar waya. Duk inda Maigida ya taka, ruwa na fantsama. Ita kuwa tana tafiya da 'yata, ruwan ko motsi bai yi ba.